Ƙofar Mati

Shin na kyauta da na buga ƙofar yaron nan, ko ban kyauta ba? Malam ya hana ni da bakinsa, yana numfashi da ƙyar. Shekara arba'in da shida muna tare, ban taɓa tsallake maganarsa ba sai ranar. Na tambayi malamai, na tambayi 'ya'yana, kowa ya ce in yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta ke nan. Na sani. Amma tambayar ba ta sake ni ba, da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Tun da na dawo daga Malesiya matan unguwa ba su bar ni na huta ba. "Asabe, da gaske shinkafa suke karyawa da ita?" "Da gaske gidan da kuka zauna ya fi hasumiyar masallaci tsawo?" Wasu na san rasuwar Malam suke son tambaya, sai su kewaya su tambayi abinci. Ni kuwa da na fara ba da labari kuka ke ƙwace mini magana. Shi ya sa na ce wa 'yata Hajara ta ɗauko biro. Ban yi boko ba, ban iya rubutu ba, amma kaina bai yar da komai ba. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Autana Nasiru ne ke karatun digiri na uku a Kuala Lumpur. Matarsa Rahma ta kusa haihuwar fari, ga shi mahaifiyarta ta rasu, sai aka ce ni zan je in yi mata wankan jego. Malam ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba.

"Ke da ba ki taɓa wuce Zariya ba? In na sake ki, sai a tsince ki a ƙasar Sin kina tambayar hanyar Fagge."

Daga Kano muka tashi, muka sauka Habasha, muka sake jirgi. A filin jirgin Habasha na fara ganin mutane da ƙyalle a baki da hanci, na ɗauka al'adarsu ce. A cikin jirgi na biyu na shiga banɗaki, na danna wani abu, ya yi wata irin ƙara kamar zai zuƙe ni har da zanena. Na fito ina salati. Malam ya yi ta dariya har mai raba abinci ta zo ta tambaya ko lafiya. Rana kuma ta rikice mana. Mun ci abincin dare, ban gama sakace ba aka ce gari ya waye, Malam yana ta lissafin salloli da yatsu.

A wurin duba fasfo wata mata ce mai ɗankwali har kafaɗa. Ta dubi takardata, ta dube ni, ta yi magana. Malam yana bayana, yana jin Turanci daidai gwargwado tun zamanin da ya yi aiki a masaƙa. Ya ce, "Sunan mijinki take tambaya."

Na sunkuyar da kai. Matan yanzu suna kiran mazajensu kamar masu kiran ɗan aike, amma mu a zamaninmu mace ba ta kama sunan miji. Ko maƙwabci mai irin sunansa sai dai in ce "mai sunan Malam". Matar ta sake tambaya. Layi ya tsaya. Malam ya matso ya yi mata wani dogon bayani, sai na ga ta rufe baki tana dariya, ta buga hatimi.

Na ce, "Me kuka ce mata?"

"Na ce mata shekara arba'in da shida ke nan, har yau ba a samu mai gaya miki sunana ba."

Masu binciken kaya kuma suka buɗe ƙullin daddawata. Mutumin ya ja da baya har ya taka na bayansa. Suka ƙwace daddawa da kilishi, suka bar mini kuka da busasshiyar kuɓewa da kanwa da man kaɗe. Bayan kwana uku na wuce wani mai sayar da ɗan itace mai ƙaya da suke kira duriyan, warinsa ya buge ni kamar an buɗe masai. Na ce wa Nasiru, "Yanzu masu cin wannan ne suka raina daddawata?"

Gidan su Nasiru a unguwar Cheras yake, hawa na goma sha huɗu. Akwai wani akwati, lif, da ke ɗaukar mutum zuwa sama. Sati guda ina shigarsa ido a rufe. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi, kuma kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa. Mutanen suna da ladabi. Kowa yana cire takalmi a ƙofa, ba sa nuni da ɗan ali sai da babban yatsa. Wata yarinya ta kama hannuna za ta kai goshinta, na fizge don na ɗauka awarwarona take so. Ashe gaisuwar manya ce. Shinkafar safe kuwa gaskiya ce: da ruwan kwakwa ake dafa ta, a sa ƙananan kifi da gyaɗa da yaji, a naɗe a ganyen ayaba. Malam ya fi son shagon shayin Indiyawa na ƙasan gidan, wanda suke kira mamak. Mai shayin yana ɗaga kofi sama ya tsiyayo daga nesa. Malam ya ce, "Wannan a bakin tasha ya koya, ko ya musa."

Rahma ta haifi namiji, aka sa masa sunan Malam. Kun ga an ƙara rufe sunan ke nan: ni ba na faɗa, Rahma suruka ce ba ta faɗa, Nasiru "Baba" yake cewa. Yaro ya zama Walidi. Wankan jego ba itace ba tukunya, sai butar lantarki da bokiti, ina tafasawa ina juyewa. Ganyen darbejiya a wurin Indiyawa muka samu. Ashe matan ƙasar su ma suna zaman jego na kwana arba'in da 'yan kai, har da gasa ciki da dutse mai zafi. Na ce to, Hauwa'u ɗaya ta haife mu.

Ba mu yi arba'in ba aka ce annoba ta shigo, an rufe gari. Ba masallaci, ba shagon shayi, ba jirgi. Malam, mutumin da bai iya zaman gida ba, ya koma zama a bakin ƙofa yana kallon baranda.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani Bature ce. Wata rana ya fito da sandunan dogarawa, yana jan ledar shara da ƙyar. Dogo ne, gemu kaɗan, gwiwarsa ta dama a naɗe. Malam ya ƙare masa kallo, ya juyo ya ce mini, "Wannan ɗan ƙwallo ne. Kuma ɗan baya."

"Ta ina kuka sani?"

"Dubi ƙwaurinsa duk tabo. Dubi ɗinki a girarsa. 'Yan gaba fuskarsu sumul take, mu ne ake fasa wa kai."

Ga waɗanda ba su sani ba, Malam ya yi ƙwallo. Shi ne mai tsaron baya na ƙungiyar masaƙarsu, lamba biyar, tun kafin a kai ni gidansa har na haifi biyu. A wani wasa a Kaduna aka karya masa ƙafa, aka fitar da shi a kan tabarma. Ya ɗauka zai warke ya koma. Ƙafar ta ɗore a karkace, bai koma ba. Takalman suna rataye a ƙusa shekara da shekaru, har ɓeraye suka cinye su.

Malam ya ɗage wandonsa ya nuna wa Baturen ƙwaurinsa, ya ɗaga yatsu biyar. Baturen ya tsaya. Ya shiga ɗaki ya fito da wata riga, ya juya bayanta: lamba biyar. Ya ce, "Sinko." Biyar ke nan a yarensu. Mutumin Sifen ne, sunansa Matiyo, wata ƙungiya ta garin ce ta ɗauko shi ta kama masa gidan. Malam ya ce sunan ya yi tsawo, ya mayar da shi Mati. Shi kuma ya riƙa kiran Malam Sinko.

Daga ranar, kullum bayan la'asar kowa zai zauna a bakin ƙofarsa da takunkumi a fuska, a ajiye farantina na silba a tsakiyar baranda. Farantin shi ne fili, marafan kwalba su ne 'yan wasa. Turancin Mati bai fi na Malam ba, in sun maƙale sai a kira Rahma. A kan farantin nan na ji tarihinsa kaf, ina daga ciki ina tsince shinkafa.

A wani ƙaramin gari na bakin teku aka haife shi, ubansa masunci. Yana ɗan shekara goma sha biyu wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi ta kai makarantarta ta ƙwallo. Ya ce shekara guda yana kuka a ɓoye don kewar uwarsa. Da ya kai sha tara suka ce ba shi da gudu, suka sallame shi. Ya koma ƙananan ƙungiyoyi, ana tafiyar yini guda a mota don wasa ɗaya. A hankali ya hau, har ƙungiyarsa ta shiga rukunin manya, ya yi kaka ɗaya tak a can. Ya nuna mana hoton ranar da ya tsare wani shahararren ɗan gaba, mutumin bai ci ko ɗaya ba. Malam ya rantse ya ji wasan a rediyo. Ni dai ban yarda ba. Daga nan suka faɗo, sai yawo: wani tsibiri, sai Indiya, sai Tailan, sai nan. Kowace ƙasa da rigarta, ya shimfiɗa su a baranda kamar mai gwanjo. Matarsa da 'yarsa suna can Sifen, annoba ta raba su.

Malam ya tambaye shi ƙwallo nawa ya ci a rayuwarsa. Ya ɗaga yatsu huɗu, sannan ya lanƙwasa ɗaya, ya nuna bayansa: ɗayar a ragarsu ya zura.

Malam ya yi dariya har da tari. "Rahma, gaya masa ni biyu na ci, kuma duk biyun a gidanmu. Gaya masa ɗan baya maigadi ne, ba a tunawa da shi sai ran da aka yi sata."

Sun yi musu sosai a kan aiki. Mati ya ce yanzu wuri ake tsarewa, kowa da yankinsa, in mutum ya fita yankinka ka bar wa na kusa. Malam ya ce wannan lalaci ne. Ya ɗauki marfi biyu ya manna su, ya ja su tare har bakin faranti. "Mu a zamaninmu mutum ake ba ka. In ya je shan ruwa ka bi shi. Ba ka barin mutuminka sai alƙali ya busa."

Na fara zuba wa Mati abinci, don na ga kullum burodi yake ci. Ranar farko da ya ga miyar kuka ya dube ta kamar za ta yi magana, amma ya cinye, ya miƙo kwano. Shi kuma ya kawo mana wata wainar ƙwai mai kauri da dankali a ciki. Sai da Malam ya sa Rahma ta tambaye shi sau uku ko ba alade, ya dafa ƙirji ya rantse. Na ba shi man kaɗe yana shafa wa gwiwar. Ya koyi "sannu", ya koyi "na ƙoshi", ya koyi kirana Mama. Da ya tambayi Malam sunansa na gaskiya, Malam ya ce, "Suna? Tambayi Mama." Rahma ta yi masa bayanin al'adar, abin ya ba shi mamaki, ya zama wasansu. Duk ran da na fito da kwano sai ya nuna Malam ya ce, "Mama, suna?" In ja mayafi in rufe fuska, su biyun su yi ta ƙyaƙyatawa kamar yara.

Jijiyar gwiwar Mati ce ta tsinke, an yi masa aiki kafin mu zo. Shekararsa talatin da biyar, yarjejeniyarsa da ƙungiyar za ta ƙare a ƙarshen kaka, kuma ya san ba mai sake ɗaukarsa. Abu ɗaya yake so: ya warke ya shiga fili sau ɗaya, ya fita da ƙafarsa, ba a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ba. Ranar da Rahma ta fassara wannan, Malam bai yi dariya ba. Ya shigo ɗaki ya daɗe yana murza ƙwaurinsa.

Bayan Babbar Salla aka ce za a yi jirgin kwashe 'yan Najeriya da suka maƙale. Nasiru ya sa sunanmu. Na ɗaure kayana. Malam ya ce ba ya tafiya.

Na ce, "Malam, gida fa. Ga jikoki, ga awakina a hannun mutane."

"Awakinki sun fi ki haƙuri."

"Saboda ƙwallon Bature za mu zauna a ƙasar mutane?"

Ya ce, "Asabe, ni ban san ranar da na yi wasana na ƙarshe ba. Na fita da safe na ce miki ki ajiye mini tuwo, shi ke nan. Shekara arba'in ina mafarkin ina ɗaura takalmi. Yaron nan ba shi da kowa a nan. Bari in ga ya shiga ya fito, sai mu tafi."

Na kwance kayana. Ban ji daɗi ba, kwana biyu ina ba shi abinci ba magana, shi kuma yana ta yabon miyar da ƙarfi don in tanka.

Da aka sassauta kulle, likitan ƙungiya yana ba Mati atisayen safe, Malam yana ba shi na yamma. A matakalar bene suke yi. Malam ya zauna a kujera da carbi, Mati ya sauka hawa uku ya hawo, Malam ya ja ƙwaya ɗaya. In ya ga yana ɗingishi sai ya ce, "Kai Mati, tsohuwar nan ta fi ka sauri." Mati ya yar da sanduna, ya fara gudu, ya koma fita atisaye da 'yan ƙungiyarsu. Aka dawo da wasanni amma ba 'yan kallo, sai a talabijin. Wata ranar Litinin ya zo yana haki, ya ajiye marfi ɗaya a tsakiyar faranti: kocinsu ya ce zai sa shi a wasan ƙarshe, ranar Asabar ta sama. Sharaɗi ɗaya ne, kowane ɗan wasa ya tsare kansa. Wanda ya kusanci mai cutar za a killace shi sati biyu, ko lafiyarsa ƙalau.

A satin wasan ne cutar ta shigo mana. Aka gwada su Nasiru a makaranta, aka same shi da ita, aka tafi da shi wurin killacewa. Mu aka ɗaura mana wani abu a wuyan hannu, aka ce kada mu fita. Malam ya rufe ƙofa da kansa, ya sa Rahma ta gaya wa Mati ta waya kada ya kuskura ya matso. Sai Mati ya riƙa ajiye mana burodi da madara a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa ya koma. Rahma ta kwanta da zazzaɓi, ga goyo. Malam ya fara tari, ya ce sanyin fanka ne.

Ranar Alhamis bayan azahar numfashinsa ya sarƙe. Leɓensa ya canza launi. Rahma ta yi ta kiran motar asibiti, ana cewa a jira, marasa lafiya sun yi yawa. Muka jira har la'asar. Ba ta iya tuƙi ba, ko tsayuwa ma da bango take yi. Mota ɗaya na sani a duk garin, ta Mati.

Malam ya ga ina kallon ƙofa. Ya kama bakin zanena. "Kada ki kira shi. Jibi ne wasan."

"Malam, numfashinku."

"Na ce kada ki kira shi."

Na zauna. Na ƙirga numfashinsa kamar yadda yake ƙirga wa Mati matakala. Da na ga idonsa yana juyewa, na zare zanena daga hannunsa, na buɗe ƙofa, na tsallaka barandar nan taku huɗu, na buga.

Mati ya buɗe. Ba ni da yarensa. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙofarmu a buɗe. Na ga ya dubi jakar wasansa da ke ajiye a bakin ƙofa, an riga an shirya ta. Kallo ɗaya ya yi mata. Ya ɗauki makullin mota ya wuce ni. Malam yana ture shi da hannu, yana cewa "koma, koma", shi kuwa ya sunkuce shi kamar jariri, a kan gwiwar nan da suka yi wata bakwai suna lallaɓawa. A cikin lif ban rufe ido ba.

A ƙofar asibiti aka karɓe shi, aka hana mu shiga. Kwana biyar ya yi. Ranar Talata da hantsi aka bugo wa Rahma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ma'aikata masu fararen kaya ne suka yi masa sutura, suka sallace shi, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta garin. Ban gan shi ba. Nasiru a waya ya kalli jana'izar ubansa. Mutumin da in ya fita masallaci sai ya yi awa guda yana gaisawa, mutum shida ne suka tsaya a kansa. Hajara, dakata kaɗan.

An gwada Mati, ba shi da cutar, amma doka doka ce. Ranar Asabar yana kulle a ɗakinsa. Daga ɗakinmu na ji muryar mai sharhi a talabijin ɗinsa, daga farko har aka busa, wani yaro daban aka sa a wurin da aka ce nasa ne. Bai sake buga ƙwallo ba.

A can na yi takaba. Matan Hausawa na garin, matan ɗalibai, har da wata Kirista 'yar Jos mai aikin jinya, suka riƙa aiko da abinci suna ajiyewa a ƙofa. Allah ya saka musu. Ina cikin takabar Mati ya samu jirgin gida. Ya zo sallama, ina bayan labule, Rahma a tsakani. Na ce ta roƙa mini shi gafara, ni na raba shi da abin da ya yi shekara ashirin yana tafiya zuwa gare shi. Sai na ji ƙarar faranti. Ya turo shi ta ƙarƙashin labule, da marfi biyu a kai, manne da juna, a can bakin faranti. Ya bar wa Walidi rigarsa mai lamba biyar. Yanzu yana koya wa yara ƙwallo a garinsu na bakin teku. Wata Juma'ar yakan kira Nasiru, a haɗa da ni, ya ce "Mama, sannu", in ce "Sannu Mati", mu ajiye.

Shi ya yafe. Amma Malam don wasan nan ya ƙi hawa jirgi, don shi ya bar ƙasarsa ya kwanta a ta wasu, ni kuma na rushe shi da bugun ƙofa ɗaya, kuma Malam bai tashi ba. Wata rana in ce da na bar shi a ɗaki da na kashe shi da hannuna. Wata rana in ce kwana biyar ɗin da na samo masa, shi kaɗai ya yi su a cikin baƙi. Ban sani ba.

Kafin in taho Nasiru ya kai ni kabarin. Wurin da itatuwa masu farin fure, ƙasar ja ce kamar ta Bichi. Dawowa sai da aka zura mini tsinke a hanci sau biyu. A jirgi kujerar kusa da ni ba kowa, saboda dokar tazara. Na shiga banɗakin nan, ya yi ƙararsa, na fito ba mai yi mini dariya. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Saura abu ɗaya, na ajiye shi ƙarshe don shi ne nawa. A ƙofar asibitin, da aka ɗora Malam a gado mai taya aka sa masa abin numfashi, wata ma'aikaciya ta zo da takarda. Fasfo ɗinmu suna ofishin da ake sabunta mana izinin zama. Ta tambayi Mati, ya buɗe baki ya ce "Sinko", ya tsaya. Wata bakwai suna tare, bai san sunan abokinsa ba. Ya juyo gare ni, idonsa jawur, ya nuna Malam kamar yadda ya saba yi a baranda, amma ba dariya.

"Mama, suna."

Na faɗa. Takunkumi ya tare muryata, matar ta kara kunne. Na sake faɗa da ƙarfi, har da sunan mahaifinsa, a gaban mutane, a tsakiyar titi. Hajara, kin san sunan, kada ki rubuta. Sau biyun nan sun ishe ni har in tarar da shi.

Sun fara tura gadon sai na ga ya ɗaga hannu. Suka tsaya. Ya janye abin numfashin daga bakinsa, ya dube ni. Na ɗauka faɗan ƙofar zai yi mini. Sai na ga gefen idonsa ya tattare, irin yadda yake yi in zai tsokane ni. Ya ce:

"Ashe dai kin san shi, Asabe. Sai da kika bari na tsufa."